Taka Sayyada Zuwa Lakca: Ku Yi, Amma da Lura

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibai da yawa. Wanda ya kama ɗaki a Danbare ko Rijiyar Zaki yana karatu a Jami'ar Bayero, da takwaransa na Samaru a Zariya, kullum cikin lissafi suke: kuɗin abin hawa ko na karin kumallo? Da dama sun koma taka sayyada, wasu sun kakkaɓe tsohon keken gida.

Ƙannena, a wurinmu ma'aikatan lafiya wannan ba faɗuwa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ke tafiyar minti 15 zuwa aji, ya dawo a ƙafa, kwana biyar, ya cika adadin bai biya ko sisi ba. Hakan na rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, ga barci mai daɗi. Sai dai a ɗaga ƙafa har numfashi ya ɗan ƙaru, ba tafiyar rangwaɗa ana latsa waya ba.

Inda nake jin tsoro shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne ake kawo mana ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi. In an bincika, ya fito ciki ba komai, bai kurɓi ruwa ba, ya yi ta sauri kada malami ya rufe ƙofa. Ku fita da wuri, ku bi inuwa, gorar ruwa na jaka. Fitsari in ya yi duhu, jiki ne ke neman ruwa. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya a hanya kuwa, a nemi inuwa a zauna, lakca ba za ta gudu ba. Mai sikila ya fi kowa kiyaye wannan, domin ƙarancin ruwa na tayar masa da ciwo. Da hunturu kuma mai asma ya sa takunkumi, maganin shaƙarsa na aljihu.

Sai titi. Inda babu gefen masu ƙafa, ka yi tafiya kana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma cire abin jin sautin nan daga kunne. Mai keke shi hannun motoci zai bi, kada ya yi musu kishiya. Ya duba birki kafin ya hau, ya sa fitila gaba da baya. Keken da ba fitila bayan magariba a titin Gwarzo, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab da shi.

Ɗalibai mata da ke tashi daga karatun dare, ku riƙa fitowa biyu ko uku tare, ku bi hanyar da ke da haske da jama'a ko da ta fi nisa.