Yashi mai tafasa ba wuta: yadda kwamfuta ke kwaikwayonsa

Me ake nufi da yashi mai tafasa?

A zuba yashi a tukunya mai ƙananan ramuka a gindi, a hura iska ta ƙasa. Da farko iskar kurɗawa take yi ta wuce. In aka ƙara mata gudu har turinta ya yi daidai da nauyin yashin, sai ya kumbura, kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa a sama kamar ruwan tuwo ya tafasa. Yashi mai kaurin rabin milimita yana fara haka ne in gudun iska ya kai kusan mita 0.2 a daƙiƙa. Fritz Winkler ya fara cin moriyar dabarar a Jamus cikin shekarun 1920 wajen fitar da gas daga kwal, a 1942 kuma aka kunna rukunin farko na fasa man fetur mai nauyi da ita a Baton Rouge ta Amurka. Matatar Kaduna da ta Dangote duk suna da irin wannan rukuni.

Me ya kawo kwamfuta ciki?

Ba a ganin cikin tukunyar: ƙarfe ne, ga zafi sama da digiri 500. Sannan abin da ƙaramar tukunyar gwaji ta nuna sau da yawa ba ya ɗorewa a babba, domin kumfar takan girma, gas ya bi cikinta ya tsere bai taɓa garin da ke madadin yashi a tukunyar ba.

Ta wace hanya ake lissafin?

Ana yanka cikin tukunyar gida-gida kamar gidan dara, a lissafa gudun iska da matsinta a kowane gida. Wajen ƙwayoyin yashin ne hanya ta rabu. Akwai masu bin kowace ƙwaya, a lissafa karonta da 'yan'uwanta da bango. Tsuji da abokan aikinsa a Jafan suka nuna haka a 1993. Ta fi kusa da gaskiya, amma tsada gare ta. Garin da matatu ke fasa mai da shi kaurinsa kusan milimita 0.07 ne, lita ɗaya kuwa ta ƙunshi ƙwaya sama da biliyan uku. Wa zai bi su ɗaya-ɗaya a hasumiya mai tsawon mita 30?

Shi ya sa ake ɗaukar ƙwayoyin kamar wani ruwa na biyu da ke cuɗanya da iskar, a manta da ɗaiɗaikunsu. Akwai kuma hanya ta tsakiya, inda ƙunshi guda ke wakiltar dubban ƙwayoyi. Manhajar Barracuda a kanta ta ginu. MFiX, ta ma'aikatar makamashi ta Amurka, tana yin dukkan ukun, kuma kyauta ce.

A ina lissafin ya fi kwaɓewa?

A ƙarfin da iska ke tura ƙwaya da shi. Kwamfuta ba ta gano shi da kanta, ƙa'ida ake ba ta da aka samo daga gwaji. Wadda aka fi amfani da ita ta Gidaspow ce: inda ƙwayoyi suka cunkushe a ɗauki ta Ergun ta 1952, inda iska ta wuce kashi 80 cikin ɗari na gidan a koma ta Wen da Yu ta 1966. Ga yashi da ƙwayoyin gilashi, wato rukunin B a rabon nau'o'in gari da Geldart ya yi a 1973, tana aiki ba laifi.

Gari mai laushi na rukunin A shi ne ciwon kai. Yakan dunƙule curi-curi, iska ta kewaye curin maimakon ta ratsa shi, don haka turin gaske bai kai na ƙa'ida ba. In gidajen lissafi sun fi curin girma, kwamfuta ba ta ganinsa, sai ta ɗauka garin a baje yake. Sakamakon shi ne garin ya kumbura a allo fiye da kima, wani lokaci ma ya fice ta sama alhali a zahiri yana nan zaune. Magani biyu ne: a ƙanƙanta gidajen su koma ninki biyu zuwa huɗu na kaurin ƙwaya, abin da babbar tukunya ba za ta yarda ba, ko a gyara ƙa'idar ta san da curin, kamar tsarin EMMS na Li Jinghai a Sin. Mai canza lamba kawai har tsawon kumburi ya yi daidai da na gwaji, ya sani ɗinkin na wannan tukunyar ne kaɗai.

Wane saiti ne ake rainawa alhali yana da tasiri?

Lambar tsallen ƙwaya bayan karo. In aka sa 1, wato karo ba ya cin ƙarfi ko kaɗan, kumfa kusan ɓacewa take yi. A sa 0.9, sai ga ta ta bayyana. Haka takun lokaci, wato tazarar da ke tsakanin lissafi da na gaba: kusan daƙiƙa 0.0001 ga hanyar ruwa biyu, masu bin ƙwaya kuwa ƙasa da haka sau goma zuwa ɗari. Ya yi girma, ƙwayoyi su shige cikin juna, lissafi ya tarwatse.

Yaya za a gane sakamakon abin yarda ne?

Hoto mai launi ba shaida ba ne. Ko lissafin banza yana fitar da kumfa mai kyau. A fara da matsi. Bambancin matsin ƙasa da sama dole ya zo daidai da nauyin yashin a raba da faɗin gindin tukunya. Yashi mai tsawon santimita 40, da ya cike kashi 60 cikin ɗari na wurin, zai ba da kusan faskal (ma'aunin matsi) 6,000. In bai fito ba, a koma a duba saiti. Daga nan a kwatanta tsawon kumburi da na gwaji, a sake lissafin da gidaje masu rabin girman na farko a ga ko amsar ta motsa. A zubar da daƙiƙu biyu zuwa biyar na farko, domin tashin farko ne, a ɗauki matsakaicin aƙalla daƙiƙa 20 da suka biyo baya.