Sikanin kafaɗa da ingancinsa wajen gano yagewar jijiya

Sikanin kafaɗa awo ne da ake yi da na'urar da ke aika sauti mai tsananin siriri, wanda kunne ba ya ji, zuwa cikin jiki, sannan ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto a kan allo. A Jos, in aka ce "sikanin", abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne awon ciki na mata masu juna biyu. Amma irin wannan na'ura ce likitoci ke duba jijiyoyin kafaɗa da ita, wato waɗanda ke haɗa tsoka da ƙashi, kuma a wasu raunukan tana gogayya da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wadda ta ninka ta tsada.

Jijiyoyin da ake dubawa

Tsokoki huɗu ne ke tasowa daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu su haɗu su rungume kan ƙashin damtse kamar ɗamara. Su ke riƙe kan ƙashin a cikin gurbinsa yayin da mutum ya ɗaga hannu ko ya juya shi. Wadda ta fi yawan yagewa ita ce ta sama, da likitoci ke kira sufrasfinatus, domin tana bi ta wani matsattsen lungu a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa. Faɗuwa na iya tsinka ta farat ɗaya. Amma galibi a hankali take zaizayewa saboda shekaru da aikin ƙarfi: ɗan dako da ke sunkutar buhun dankali a kasuwar Farin Gada, birkila mai yaɓen sama, mace mai daka kullum. Mai ciwon yakan ce ba ya iya kwanciya a kan wannan gefen da daddare, ko ya kasa ɗaga hannu ya sa hula. Sau da yawa sai a ce sanyin ƙashi ne ko targaɗe, a tafi wurin mai ɗori. Hoton ƙashi na eksire kuwa ba ya nuna jijiya, shi ya sa mutum kan dawo da sakamako mai cewa ƙashi lafiya lau, ciwo kuma yana nan.

Yadda ake awon

Majinyaci yana zaune ake yi. A shafa masa man sikanin mai santsi, a ɗora kan na'urar, wanda dole ya zama mai miƙaƙƙen baki da sauti mai siriri sosai, kamar megahaz 10 zuwa 15 a ma'aunin siririn sauti, ba mai lanƙwasasshen bakin nan na awon ciki ba. Don a fito da jijiyar sama daga ƙarƙashin ƙashi, akan ce masa ya kai tafin hannunsa baya kamar zai zaro wani abu daga aljihun wando. Lafiyayyar jijiya takan fito fari-fari da zare-zare a jere. Inda ta yage sai a ga baƙin gurbi, ko a ga ta janye ta bar kan ƙashi a fili. Babbar fa'idarsa ita ce ana kallo ana motsa hannun, a kuma duba ɗaya kafaɗar nan take don kwatantawa. Ba ya amfani da hasken da eksire ke amfani da shi, kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, wanda wani lokaci ba a sa shi a MRI, zai iya yinsa.

Yaya ingancinsa yake

Ana auna ingancin ne ta hanyar gwada abin da sikanin ya ce da abin da aka gani ido da ido a ɗakin tiyata. A 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 20 da suka shafi kafaɗu 1,147. Inda jijiya ta yage ta ɓule daga sama har ƙasa, sikanin ya gano kusan kashi 92 cikin 100, MRI kuma 94, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Amma inda yagewar ta tsaya rabi, ba ta huda jijiyar ba, sikanin ya kama kusan kashi 52 ne kawai, MRI ta kama 74. Wato ƙaramar yagewa ɗaya cikin biyu na iya kuɓuce masa. Wannan ne wurin da ya kamata majinyaci ya fi kula: idan takarda ta ce ba a ga yagewa ba, babbar ce aka fi tabbatar babu.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne hannun da ke riƙe da na'urar. Idan aka ɗan karkata kanta kaɗan, lafiyayyar jijiya sai ta yi duhu kamar ta yage, wanda bai saba ba kuma ya rubuta rauni inda babu. Sakamakon nan mai kyau daga hannun waɗanda suka ƙware a kan kafaɗa ya fito. Saboda haka ba laifi ba ne mutum ya tambaya ko mai awon ya saba da kafaɗa, ko ya nemi sashen hoto na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ƙiba da sandarewar kafaɗa su ma suna rage kyawun hoton. Sauti kuma ba ya ratsa ƙashi, don haka guringuntsin da ke can cikin gurbi da yadda tsoka ta rame ta koma kitse, MRI ce ta fi nuna su, kuma likitan ƙashi yakan so ganinsu kafin ya yanke shawarar tiyata.

Akwai kuma yagewar da ba ta ciwo. Wani bincike da aka buga a 1999 ya yi sikanin mutum 411 da ba su da wani kuka a kafaɗa, ya tarar da yagewa a kashi 23 cikin 100, a cikin waɗanda suka haura shekara 80 kuwa kashi 51. Shi ya sa likita ke haɗa hoton da labarin ciwon da gwajin ƙarfin hannu, kuma da yawa daga masu yagewar tsufa sashen gashin ƙashi ake fara tura su kafin a yi maganar wuƙa.