Korona, rufe iyakoki da ƙwallo: amsa ɗaya ga masu tambaya ɗaya kullum

Daga Samaru zuwa Tudun Wada a nan Zariya, duk gidan kallon da mutum ya zauna sai an tayar da musun nan, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan a rubuce. Wanda ya sake tare ni a Kwangila da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai da gaske ƙwallo ta tsaya cak a 2020?

Ƙwarai. Firimiyar Ingila ta tsaya ranar 13 ga Maris, ta dawo 17 ga Yuni babu 'yan kallo. Jamus ta riga ta dawowa, 16 ga Mayu. Faransa kuwa rufe kakar ta yi, ta miƙa wa PSG kofi.

Ashe kenan kofin Liverpool na korona ne?

Haba malam. Tazarar maki 25 suka bayar kafin a dakatar da wasa. Ka nemi wata hujjar.

Me ya kai wasan Leipzig da Liverpool birnin Budafes?

A Fabrairun 2021 Jamus ta hana masu tasowa daga Birtaniya shiga ƙasarta. Dokar UEFA, hukumar ƙwallon Turai, a lokacin ta ce mai masauki, wato Leipzig ta Jamus, shi ne zai nemo fili a wata ƙasar, in ya kasa a ba baƙonsa ci uku da nema. Irin wannan dalili ne ya ɗauke wasan ƙarshe na Zakarun Turai daga Istanbul zuwa Porto, inda Chelsea ta ci Manchester City ɗaya mai ban haushi.

Kulob na da ikon hana ɗan wasa amsa kiran ƙasarsa saboda dokar killacewa?

To, wannan ita ce tambaya, kuma kada wanda ya ce maka amsarta e ko a'a ce. A ƙa'ida, idan lokacin wasannin ƙasa da ƙasa na FIFA ya zo, dole kulob ya saki ɗan wasa, ko yana so ko ba ya so. Amma a 2020 FIFA ta sassauta: in tafiyar za ta jawo killacewar kwana biyar ko fiye, kulob na iya riƙe abinsa. Sassaucin ya ƙare a 2021, sai dai ita Birtaniya ba ta janye dokarta ba. A lokacin, duk wanda ya dawo daga ƙasar da ke jerin ja, wato ƙasashen da Birtaniya ta ɗauka masu haɗarin cutar, sai ya yi kwana goma a ɗakin otal, ba atisaye, ba fita. Shi ya sa a Agustan 2021 kulob-kulob na Firimiya suka haɗa baki suka ce ba sa sakin kowa zuwa irin waɗannan ƙasashe. Mu ma ta shafe mu: 'yan Super Eagles da ke Ingila sun buga da Laberiya a Legas, suka juya, ba su je Kef Bade ba. Duk da haka Najeriya ta ci wasan biyu da ɗaya.

Wa ke da gaskiya? Ya danganta da inda ka tsaya. Mai biyan albashi duk mako ba zai so ɗan wasansa ya kwanta a otal ana buga wasa biyu ko uku babu shi ba. Ita ma ƙasa gurbin Kofin Duniya take nema. Masu kafiya kuma sun ga abin da ya faru a Sao Paulo ranar 5 ga Satumba 2021, da jami'an lafiyar Burazil suka shigo fili ana tsaka da wasa da Ajantina saboda 'yan wasan Ajantina huɗu da suka taso daga Ingila, wasa ya watse. A ganina dai, takardar FIFA ba ta buɗe iyakar kowace ƙasa. Wanda ke riƙe da hatimin fasfo shi ke da magana ta ƙarshe. Amma fa kulob ma kan fake da guzuma, don haka kada ka yi saurin zagin yaro cewa ba ya kishin ƙasa.

Namu na gida fa?

Su ba ku cika tambaya a kansu ba, alhali su suka fi jin jiki. Kulob ɗin Turai ya yi hayar jirgi ya canza ƙasa. Namu a bas suke tafiya, kuma an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli 2020. Gasar Firimiyar Najeriya da ta tsaya a Maris ba ta dawo ba, aka raba matsayi da lissafin maki bisa yawan wasa, Plateau United a sama. Sabuwar kaka sai ƙarshen Disamba. Filin Sani Abacha na Kano ya zama wurin killace masu cutar, Kano Pillars ta koma buga wasannin gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Wato Sai Masu Gida sai sun ratsa Zariya kafin su isa gida.

In wata annoba ta zo, za a sake yin haka?

Allah Ya kiyaye. Ni ba boka ba ne.