Ba fina-finai kaɗai ke kashe waƙoƙin Bhojpuri ba

An daɗe ana ɗora wa fina-finai laifin dusashewar waƙoƙin gargajiya na Bhojpuri, harshen da ake yi a yammacin jihar Bihar da gabashin Uttar Pradesh a Indiya. Suna da nasu kason, amma asalin ciwon yana wani wuri.

Waƙoƙin nan a jikin aiki suke rayuwa. Ɗauki jatsar, waƙar niƙa: mata biyu kan zauna tun da asuba suna juya dutsen niƙa, suna rera kukan amaryar da aka kai nesa da gida, ko matar da mijinta ya tafi ci-rani Kalkata. A nan yarinya ke koyo daga bakin manya. Da injin niƙa ya shigo ƙauye, zaman ya watse, waƙar ta rasa mazauni. Haka muka yi asarar waƙoƙin niƙa da na daɓe a ƙasar Hausa, abin da har yau yake mini ciwo.

Sohar kuwa, waƙar haihuwa, tana nan, domin ba a daina haihuwa ba. A tsibirin Moris ma, inda aka kai 'yan ƙwadago daga Indiya tun 1834, jikokinsu sun riƙe waƙoƙin biki na Geet Gawai, har hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa su cikin gadon duniya a 2016.