Zanen Tafiye-tafiyen Teku na Theodor de Bry

Zanen tafiye-tafiyen teku na de Bry tarin hotuna ne da aka sassaƙa a kan farantan jan ƙarfe, aka buga su a birnin Frankfurt na Jamus daga 1590 zuwa 1634, cikin jerin littattafan da ke ba da labarin tafiye-tafiyen Turawa zuwa nahiyar Amurka, Afirka da Asiya. Hotunan sun kusa 600. Jerin ya kasu gida biyu: na Amurka, wanda masu tara littattafai suka laƙaba wa “Manyan Tafiye-tafiye”, da na Afirka da Gabas, wato “Ƙananan Tafiye-tafiye”. Girman takardar da aka buga su ne ya jawo waɗannan sunaye.

Maƙerin da bai taɓa ƙetare Tekun Atlantika ba

An haifi Theodor de Bry a 1528 a Liège, cikin Beljiyam ta yau, ya taso da sana’ar ƙirar zinariya. Da yake ɗan Furotesta ne, rikicin addini ya raba shi da garinsu. Ya zauna a Strasbourg da Antwerp, ya yi aiki a Landan, kafin ya yada zango a Frankfurt. A Landan ya haɗu da Richard Hakluyt, mai tattara labaran matafiya, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar wannan aiki. De Bry bai taɓa taka nahiyar Amurka ba. Duk abin da ya sassaƙa, daga zanen wani ya ɗauko, ko kuma daga rubutun wani ya ƙiyasta. Bayan rasuwarsa a 1598, ƴaƴansa Johann Theodor da Johann Israel suka ci gaba, daga bisani surukin gidan, Matthäus Merian, ya kammala.

Abin da littattafan suka ƙunsa

Littafin farko na jerin Amurka (1590) rahoton Thomas Harriot ne kan yankin da Turawan Ingila suka kira Virginia, gaɓar North Carolina ta yanzu, kuma ya fito da Latin, Jamusanci, Faransanci da Ingilishi. A nan ana iya auna aikin de Bry da kyau, domin zanen ruwan launi da John White ya yi a tafiyar 1585 suna nan a gidan tarihi na British Museum. In aka jera su, sai a ga hannun maƙerin: ya miƙe jikin mutanen Algonquian, ƴan asalin yankin, ya ba su tsayuwa irin ta gumakan tsohuwar Girka, ya ƙara daji da koguna a bayansu, wani mutumin ma ya nuna shi ta gaba da ta baya alhali White fuska ɗaya ya zana. Yarinyar garin Pomeiooc da ke riƙe da ƴartsanar Ingila, de Bry ya ƙara mata abin kaɗawa a ɗaya hannun.

Na biyu (1591) kan Florida ne, bisa zanen Jacques Le Moyne. Na asalin sun ɓace, kuma masana na shakkar wasu bayanai, don an ga kulake irin na mutanen Birazil a hannun mutanen Timucua, ƴan asalin Florida. Na uku (1592) ya ɗauko labarin Hans Staden, Bajamushen da ƴan ƙabilar Tupinambá suka kama a Birazil. Hotunan littafin na cin naman mutum sun fi kowanne yaɗuwa, sun kuma daɗe suna ɓata wa ƴan asalin nahiyar suna. Na huɗu zuwa na shida (1594–1596) sun dogara da tarihin Girolamo Benzoni. A ciki akwai hoton saukar Columbus a yankin Amurka, da hotunan bayin Afirka suna haƙar ma’adinai da matsar rake a tsibirin Hispaniola (Haiti da Jamhuriyar Dominika ta yau), da azabar da Sifaniyawa ke gana wa mutane.

Jerin Gabas ya buɗe da masarautar Kongo, daga bayanin Duarte Lopes da Filippo Pigafetta. Littafi na shida na wannan jerin kuwa rahoton Pieter de Marees ne kan Gaɓar Zinariya, wato kudancin Ghana ta yau.

Yadda ake bugawa

Ana goge farantin jan ƙarfe har ya yi sheƙi, sai mai sassaƙa ya bi shi da ƙarfe mai tsini yana yanka layuka. A shafa tawada ta shiga ramukan, a share saman tas, a ɗora takarda mai danshi, a matse tsakanin naɗi biyu. Hoto yana fitowa a juye, dama ta koma hagu, shi ya sa wasu hotunan de Bry ke fuskantar akasin zanen da aka kwaikwaya. Rubutu da hoto kowanne da injinsa, don haka takarda ɗaya takan shiga matsi sau biyu. Faranti yana cinyewa da yawan aiki. Bugun baya-baya sukan fito dishi-dishi, sai an sake bin layukan.

Launin hannu

Baƙi da fari injin ke fitarwa. Mai kuɗin da ke son launi sai ya biya masu sana’ar shafa launi, su bi hoto ɗaya bayan ɗaya da buroshi da ruwan launi, wani lokacin har da ɗigon zinariya a kwafin manyan mutane. Irin waɗannan kwafi kaɗan ne, kuma da wuya a sami biyu da suka zo daidai. Mai launin bai ga Amurka ba, galibi bai ga zanen asali ba, saboda haka launin fata, na gashin tsuntsu da na tufafi duk zaɓinsa ne. Mutum ɗaya yakan fito jajir a wannan kwafi, ya fito fari a wancan. Wanda ya ɗauki launin a matsayin shaidar gani da ido ya yi kuskure, domin ji ne daga mai ji.

A kasuwar tsofaffin hotuna ana bambanta launin zamanin bugu da wanda aka shafa daga baya. Dillalai a ƙarni na 19 da na 20 sun sha yage shafuka daga littattafai, su sa a yi musu launi don su ƙara daraja a bango. Masu bincike kan juya takardar su duba bayanta: koren da ake haɗawa da tsatsar jan ƙarfe yakan ci takarda da daɗewa, ya bar tabo ruwan ƙasa a baya, wanda sabon launi ba ya barin irinsa sai an yi dabara. Akwai kuma kwafin zamani, inda ake buga hoton a sabuwar takarda sannan a yi masa launi da hannu. Yawancinsu ba su da shatar da gefen faranti ke bari a takarda saboda matsi, kuma takardarsu ba ta da siraran layukan da ake gani a takardar hannu ta ƙarni na 16 in an ɗaga ta ga haske.