Mai Shagon Kayan Noma Ya Zama Malamin Gona

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, ina zaune a bakin wani shagon kayan noma ina jiran yayyafi ya ɗauke, sai ga wani dattijo ya jingine kekensa ya shigo da reshen wake a hannu. Ganyen duk ya nannaɗe, karan ya murɗe kamar igiya. Ya miƙa wa yaron shagon ya ce, "Ɗana, dubi aikin maganinku." Yaron, wanda da ƙyar in ya kai shekara 15, ya ce, "Baba, ai kai ka ce in ba ka mai ƙarfi."

Na ce, "Baba, yi haƙuri, mu ga kwalbar." Ya zaro ta daga aljihu. 2,4-D ce, ba jabu ba, kuma wa'adinta bai ƙare ba. Aikinta kashe ciyawa mai faɗin ganye a gonar shinkafa ko masara ko dawa. To, wake ma faɗin ganye gare shi, kuma Baba, kamar yawancin manomanmu, masara da wake ya haɗa a gona ɗaya. Tambaya ɗaya tak ce ba a yi ba a bakin kanta: "Baba, me da me ka shuka a gonar?" Rashin wannan tambayar ya cinye wa gida guda waken shekara.

Na daɗe ina aikin malamin gona, kuma ba zan ɓoye ba, mun yi kaɗan. Akwai ƙauyukan da ke hannuna da sai in yi wata ban leƙa ba. Shagon kayan noma kuwa kullum a buɗe yake. Idan tsutsa ta faɗa wa masara cikin dare, da safe ba ni manomi zai nema ba, shago zai nufa. Mun so ko mun ƙi, mai shago ne malamin gonar da talaka ya fi gani a yau. Shi ya sa halin da wannan sana'a take ciki ya dame ni.

Da can taki abin gwamnati ne, sai an yi layi, sai an san wani. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka kawo tsarin da manomi zai sami saƙo a wayarsa ya je wurin dila ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Shaguna da yawa a wannan lokacin aka buɗe su, wasu kuma a lokacin suka durƙushe, domin sun ba da kaya sun daɗe suna bin gwamnati kuɗinsu. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka riƙa haɗa takin kamfa, wato NPK 20:10:10, a cikin gida ana sayar da buhu Naira 5,500. Yau idan ka faɗa wa yaro wannan farashin sai ya zaci tatsuniya kake yi. Gaskiya ne muna yin takin yuriya a gida, ga Indorama a Eleme, ga masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a watan Maris na 2022. Amma sauran sinadaran da ake haɗa kamfa da su daga waje ake kawo su, haka ma mafi yawan magungunan feshi. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashi a 2022, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Duk wannan a kan kantar mai shagon ƙauye ya sauka.

Kayan shagon ma sun canza. Gayya ta ja baya, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, saboda haka noman fari da maimai sun koma cikin kwalba. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo, kuma tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, manomi bai ƙara yarda ya yi shekara babu feshi ba. Manoman rani a Kadawa da Kura da Bunkure sun sa kasuwar da a da take wata huɗu ta koma ta duk shekara. Yanzu har injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ana jerawa a shago, ana biya ta POS, ana turo wa mai shago hoton ganye ta WhatsApp a ce ya faɗi magani.

Ina tausaya wa mai shago na gaskiya. Zai sayar da katan goma yau da 'yar riba, ya koma Kano sari mako mai zuwa ya tarar kuɗin ba zai sayi katan takwas ba. Ga bashin "sai kaka". Maƙwabcinka ne, tare kuke sallah, ba za ka iya hana shi ba. Bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba tare da haraji ba a 2024, farashin masara da shinkafa ya faɗi, na taki kuwa bai bi shi ba, sai kakar ta zo bashin bai biyu ba. Ga kayan tallafi da ake karkatarwa su ɓullo a kasuwa da araha, su karya wanda ya sari nasa da gumin goshinsa. A irin wannan matsi ne Shaiɗan ke raɗa wa mutum ya farke buhu.

Na taɓa sa an ɗora buhun taki a sikeli a gaban manomin da ya saye shi. An rubuta kilo 50 a jiki, sikeli bai kai can ba. Da muka duba bakin buhun, ga ramukan ɗinkin farko, ga sabon zare a ƙasa da su. An kwashe 'yan tiyoyi an mayar da ɗinki. Don haka, manomi, ka duba ɗinki, ka nemi a auna maka, ba rashin kunya ba ne. Idan yuriya ce, ka ɗebi cokali ɗaya ka zuba a kofin gilashi mai ruwa ka motsa. Yuriya ta gaskiya narkewa take yi kaf, har ka ji kofin ya yi sanyi a hannunka. Idan ka ga yashi ya kwanta a ƙasa, an cuce ka. Amma kada ka yi wa kamfa wannan gwaji ka je ka zagi bawan Allah, domin akwai ƙwayoyin da ake cika shi da su waɗanda ba sa narkewa nan take. Tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a Najeriya, ta wajabta wa mai sayarwa rajista, ta kuma tanadi hukunci ga mai gurɓata taki da mai rage awo. Dokar ba za ta amfane ka ba idan ba ka da rasit.

Cutar iri ta fi ta taki ciwo, domin ba ka gane ta sai lokacin shuka ya wuce. Akwai masu sayen masarar ci a kasuwa, su rina ta da jan launi, su ƙulla a leda mai hoto, su ce ingantaccen iri ne. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta fito da tambarin SeedCodex da ake manna wa a jikin leda: ka kankare, ka tura lambar ta waya, a gaya maka ko na gaskiya ne. Ka kuma tambayi sunan irin. SAMMAZ mai lamba nawa ce daga cikin masarar da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar? Shinkafar FARO 44 ce ko wata? Mai aure ne, wanda ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, ko wanda za ka iya ware iri daga girbinka? Mai shagon da bai iya amsa waɗannan ba bai san abin da yake sayarwa ba. Ko iri na gaskiya ma, idan ya shekara a shagon kwano yana shan zafin bazara, ya mutu a cikin ledarsa.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne maganin feshi, domin shi ba gona kaɗai yake kashewa ba. Talauci ya sa manomi ba ya iya sayen lita guda, sai mai shago ya riƙa tsiyaya masa a robar lemo ko kwalbar magani, babu suna, babu umarni, babu ranar ƙarewar wa'adi. Wannan robar za ta je gida a ajiye ta a bayan randa, inda yaro ɗan shekara uku yake wasa. Farakwat, maganin da ke ƙone ciyawa nan da nan, ba shi da makari, kurɓi ɗaya na iya lalata huhun mutum. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana shi daga farkon 2024, amma har yanzu nakan gan shi a kan tebur a kasuwannin ƙauye. Tun 2019 hukumar ta hana sayar da ƙananan kwalaben sinadarin da muke kira fiya-fiya a kasuwanni barkatai, saboda rayukan da aka rasa. Shi ne dai sinadarin da wasu ke yayyafa wa wake a ajiya, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Waken da Bature ya ƙi, mu muka dafa wa 'ya'yanmu.

Sai ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, wadda muke kira bom. Iskar da take fitarwa guba ce. An yi ta ne don rumbu ko sito da za a rufe ruf, nesa da mutane. Don Allah, mai shago, kada ka miƙa ta sai ka tambayi inda buhunan suke. Idan a ɗakin da ake kwana ne, ko ɗakin da ke manne da shi, ka hana. Ka nuna masa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, babu magani ko ɗigo. Kai ma ciniki ne a gare ka.

A ƙasan kowace kwalba ta gaskiya akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko wanda bai yi boko ba zai gane wannan idan an nuna masa sau ɗaya. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. A auna da murfin awo yadda takardar ta ce, domin ƙara magani ba ya ƙara amfani, sai dai ya ƙone shuka ya koya wa ƙwari juriya. Mai feshi ya rufe jiki da hanci da baki, ya sa takalmi, kada ya yi feshi iska na kaɗowa fuskarsa, kada ya busa bakin famfon da bakinsa idan ya toshe. Wannan na ƙarshe na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a tankin feshi, a huda ta, kada ta zama ta man gyaɗa ko butar alwala. Idan kuwa tsautsayi ya faɗa wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko nono, kada a tilasta masa amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, domin likita ya san abin da yake yaƙa.

Roƙona ga masu shaguna, musamman Alhazan da ke da jari suna barin yara a kanta: ku koya wa yaranku kafin ku ba su mukulli. Ku sari kaya daga dilan da ke ba da takarda. Ku raba magani da iri da kayan abinci, ku bar iska ta riƙa shiga shagon, kada yaro ya kwana a ciki. Ku ajiye littafi, ku rubuta wanda ya sayi me. Idan muka kira taron horarwa, ku zo da kanku ku kuma turo yaran, kada ku ce ranar ciniki ce. Duk wanda ya zo sayen maganin feshi a yi masa tambaya uku: me ka shuka, kwana nawa da shuka, me kake son kashewa. Manomin da ka hana shi sayen abin da zai cuce shi, baɗi da ƙannensa zai dawo maka.

Shi kuwa dattijon nan mai wake, kafin damina ta gaba na je gidansa. Muka ƙirga ƙwayar masara 100 daga irin da ya saya, muka jera a tsumman buhu mai laima, muka naɗe muka ajiye a inuwa, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 7 muka buɗe muka ƙirga waɗanda suka tsiro. Na gaya masa in sun kai 85 ya shuka hankali kwance, in sun gaza 70 ya ɗauki ledar da rasit ya koma shago tun ruwa bai sauka ba. Nasa sun yi kyau. Kafin in tashi ya sa jikansa ya ɗauko sabuwar kwalbar da ya saya, ya ce, "Malam, karanta mini wannan tukuna."