Fuskoki da rubuce-rubucen da ke kan takardun kuɗi: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa gwamnatoci ke ba zanen takardar kuɗi muhimmanci haka?

Domin babu wata alamar ƙasa da ke shiga hannun kowa kamar kuɗi. Taken ƙasa sai an taru ake rera shi, amma takardar kuɗi kullum tana wurin mai ilimi da wanda bai taɓa shiga aji ba. Shi ya sa ƙasashen da suka sami 'yancin kai suka bar kuɗin Turawan mulki: Gana ta fito da sidi a 1965, Nijeriya kuma ta bar fam ta koma naira a 1973.

Ta yaya ake zaɓar wanda za a sa hotonsa?

Nan siyasa take. Janar Murtala Muhammad ne ɗan Nijeriya na farko da aka sa a takardar kuɗi, wato naira 20 ta 1977, shekara ɗaya bayan kashe shi. Daga baya aka sa Awolowo a kan naira 100, Sardauna a kan 200, Azikiwe a kan 500, kuma duk mai lura zai ga cewa ana ƙoƙarin hana wani yanki jin an ware shi ne. Sanya shugaba mai ci kuwa yana da haɗari: sidin farko yana ɗauke da hoton Nkrumah, shugaban Gana na lokacin, da aka hamɓarar da shi a 1966 sai aka buga sabon kuɗi babu fuskarsa. Afirka ta Kudu ta bi a hankali, inda ta fara maye gurbin hoton Jan van Riebeeck, Baturen Holan da ya kafa mazaunin Turawa a Cape Town, da namun daji, sai a 2012 ta sa Mandela.

Idan ƙasashe da yawa ke amfani da kuɗi ɗaya fa?

Takardun yuro na 2002 ba su da fuskar kowa, sai tagogi da ƙofofi da gadoji waɗanda aka ƙaga, don kada wata ƙasa ta ce an fifita wata.

Shin rubutun ma yana da tasiri?

A ganina ya fi hoto nauyi, domin yana nuna da wa hukuma take magana. Rupi, kuɗin Indiya, yana ɗauke da harsuna 17. A Nijeriya an cire ajami daga ƙananan takardu a 2007, sannan daga sabuwar naira 100 a 2014, wasu suna ɗaukar sa alamar addini, alhali Hausa ce zalla da ke faɗin darajar kuɗin. Wanda ajami kawai yake iya karantawa ya rasa abin da ke yi masa amfani, kuma ya ji an rage masa matsayi a ƙasarsa. Har yanzu rubutun yana nan a kan naira 200 da 500 da 1000.